Firinta mai wifi a gidanmu na Yantala: ta biya, amma da sharaɗi

Duk wanda ke tunanin sayen firinta mai haɗuwa da wifi don amfanin gida, shawarata ya saya. Sai dai ya sani, ba ranar da ya kwance kwali aikin ke ƙarewa ba.

Tamu irin mai tanki ce, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, na ɗauko ta wajen masu kayan kwamfuta a gefen Babbar Kasuwa. Ƙanena ɗan Jami'ar Abdou Moumouni ne, uwargida na fitar da rasit na ɗinki, ga yara 'yan lakwal. A da kowa sai ya zo ɗakina da kilen USB a hannu. Yanzu daga tsakar gida ake turawa, sai dai ka ji takarda na fitowa.

Haɗa ta bai ba ni wahala ba: ka danna maɓallin WPS (mai haɗa na'ura da wifi ba sai an rubuta kalmar sirri ba) a jikin rauta, wato akwatin da ke raba wifi a gida, ka danna na firintar kafin minti 2 su cika, fitila ta daina ƙiftawa, shi ke nan. Amma irin waɗannan ƙananan firintoci yawanci zangon wifi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin na 5 GHz, kuma mai shagon bai ce mini uffan a kai ba. Wayoyin Android sun gan ta ta manhajar buga takarda ta Mopria, iPhone ɗin ƙanena ta AirPrint, wato irin wannan tsarin na wayoyin Apple.

Inda gizo ke saƙar shi ne yankewar kuran. Duk lokacin da wuta ta dawo, rauta na iya raba wa na'urori sabbin lambobin adireshi. Firinta na kunne, wifi na nan, amma kwamfuta ta kafe a kan tsohuwar lamba tana cewa ba ta gan ta ba. Uwargida har ta fara cewa, "Malam, wannan abin naka aljanu gare shi." Maganin yana cikin shafin saitin rauta, wanda galibi ake shiga ta 192.168.1.1: ka keɓe wa firintar lamba ɗaya wadda ba ta canzawa. Tun da na yi haka ban sake jin ƙorafi ba. Da zafin watan Afrilu a Yamai, lokacin da wuta ke yawan zuwa tana komawa, wannan saitin ya fi komai amfani, kuma bai kamata a bar mai saye ya gano shi da kansa ba.

Wani abin da ya faranta mini: ba ta cin mega. Takarda daga waya zuwa rauta zuwa firinta take bi, ko kuɗin intanet ya ƙare tana aiki muddin rauta na kunne.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta raga mata. Ina rufe ta da zane, kuma duk mako nakan buga shafi mai launi don kada tawada ta bushe a bakin da ke fesa ta kan takarda.

Sai batun baƙi. Duk wanda ya san kalmar sirrin wifin gidan, firintar ma tasa ce. Ɗan maƙwabcinmu ya turo hotunan 'yan ƙwallo daga bayan katanga, muka tarar da su zube a ƙasa. Yanzu baƙi na da nasu layin wifi daban, wanda ba ya ganin firintar.