Hattara da masu sayar wa matasa gurbin intabiyu

Makonni uku da suka wuce ɗan yayata ya kira ni da daddare, murya har rawa take don murna. "Kawu, na samu! An yi mini intabiyu, kuma sun ɗauke ni."

Yaron nan shekara biyu ke nan da gama karatu. Ya tura takardu har ya daina ƙirgawa, kuma duk inda aka daure aka ba shi amsa, maganar ɗaya ce: mai gogewar shekara biyu ko uku ake nema. Shi kuwa in ban da 'yan watannin sanin makamar aiki da ya yi yana ɗalibi, ba shi da abin da zai cike wannan gurbi da shi a CV. Don haka ni ma na taya shi murna, na yi hamdala, sannan na tambaye shi yaushe ya nemi aiki a wurin. Sai ya ɗan yi jim. "Kawu, wuraren da na tura suna da yawa, ƙila na manta ne."

A nan jikina ya fara ba ni. Washegari na ce ya zo da wayarsa.

Saƙon farko ta WhatsApp ya shigo, daga wata mai hoton mace sanye da kwat, wai jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani babban kamfani. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin su ma aron sunansu aka yi ba da saninsu ba. Ta ce sun ga takardunsa, yana cikin mutum goma da aka ware, aikin daga gida ake yi, albashi mai tsoka, sannan ga jimlar da ta tafi da hankalinsa, an ma rubuta ta da manyan baƙaƙe: BA A BUƘATAR GOGEWA. Daga nan aka ce ya koma Telegram don ganawa da "manaja". Na karanta ganawar daga farko har ƙarshe, duk a rubuce aka yi ta, babu murya babu fuska, kuma ba ta kai minti ashirin ba. Kana iya aiki da mutane? E. Kana da waya mai kyau? E. Wane banki kake hulɗa da shi? Babu tambaya ko ɗaya a kan abin da ya karanta, ko abin da ya iya yi da hannunsa. Kafin awa ta cika sai ga takardar kama aiki, da tambarin kamfani da sa hannu da hatimi, tsaf da ita.

A ƙasan takardar aka saka ƙugiyar. Zai biya ɗan kuɗin rajista da tantance takardu, za a mayar masa tare da albashin farko. Wannan kam ya riga ya biya tun kafin ya kira ni, ya kuma tura musu hoton katin shaidarsa gaba da baya. Yanzu kuɗin kayan horo ake jira, ninki uku na farkon, kafin sha biyun rana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Daman rance nake so ka ba ni, Kawu, ƙarshen wata zan biya ka."

Ban yi masa faɗa ba, wanda ya daɗe yana zaune a gida ba faɗa yake bukata ba. Tare muka zauna muka bi abin daki-daki. Adireshin imel da takardar ta fito daga ciki ya yi kama da na kamfanin, amma an sauya harafi ɗaya, sai ka ƙura ido za ka gani. Muka buɗe shafin kamfanin na ainihi, wanda muka nemo da kanmu ba ta mahaɗin da suka turo ba, muka duba sashen guraben aiki, babu irin wannan gurbi. Muka nemo matar a LinkedIn, dandalin da ma'aikata da masu neman aiki ke saka tarihin aikinsu. Tun 2022 dandalin yake da wani wuri da ke nuna lokacin da aka buɗe shafin mutum, kuma nata a watan nan aka buɗe shi, alhali ta rubuta shekara takwas tana aiki. Na ce ya nemi su yi magana ta bidiyo. Ta ce layinta ba kyau. Ya sake nema, ta ce akwai mutum biyar da ke jiran gurbinsa, in bai shirya ba ya faɗa. A karo na uku ta toshe lambarsa.

Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan shi ne, ba wawaye ake kamawa da irin wannan tarko ba. Waɗanda aka daɗe ana ce wa "ba ka da gogewa" su ake farauta, kuma an san daidai inda yake musu ƙaiƙayi. Mai shekara goma a bakin aiki ya san yadda ganawar gaske take, ya san ana tsare mutum da tambayoyi har gumi ya keto masa, ya san ba a yanke hukunci cikin awa ɗaya. Wanda bai taɓa zama gaban masu ɗaukar aiki ba, da me zai gwada? Ga shi ya watsa lambarsa da CV ɗinsa a dandali barkatai, don haka in aka ce masa "mun ga takardunka" ba shi da hujjar musu.

Magana ɗaya za ka riƙe, ta ishe ka rarrabe mafi yawansu: a harkar aiki kuɗi daga mai ɗauka yake gangarowa zuwa ga wanda aka ɗauka. Duk ranar da aka juya akalar, aka ce kai mai nema ka fara kawowa, ko da wane suna aka laƙaba masa, kuɗin fom, kuɗin rajista, kuɗin gwajin lafiya a "asibitinmu", kuɗin inifom, kuɗin riƙe maka gurbi, to ka tsaya cak. Ba ra'ayina ba ne kawai. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta faɗa a sashe na 7 cewa kamfanoni masu zaman kansu da ke sama wa mutane aiki kada su caji ma'aikaci, kai tsaye ko a fakaice, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi da hukumar ƙasa ta yarda da su. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, amma ta nuna yadda sana'ar take a wurin masu yin ta da gaskiya: kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan dillali.

Na ɗan yayata ma mai sauƙi ne. Akwai wanda ya fi shi wayo, wanda ake fara ba ka kafin a karɓa. Za a ce aikin shi ne danna alamar so a bidiyoyi, ko ba wa otal da kayan sayarwa tauraro biyar. Ka yi na ranar farko, a turo maka 'yan kuɗi na gaske, su shiga asusunka ka gani da idonka. Daga nan zuciya ta kwanta. Sai a ce don ka hau mataki na gaba mai riba sosai, sai ka zuba naka tukuna, galibi da kuɗin kirifto. A allon manhajarsu za ka ga ribarka tana hauhawa, amma ranar da ka ce za ka cira sai a ce saura haraji, saura kuɗin buɗe asusu, haka dai har ka ƙare. Lambobin da ke kan allon nan zane ne kawai, su suke rubuta abin da suka ga dama. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta bayyana a Disamban 2024 cewa ta samu ƙorafi kusan 20,000 a kan wannan salo a watanni shidan farko na shekarar, alhali a duk 2023 kusan 5,000 ne, kuma asarar da aka kai mata rahoto a damfarar aiki gaba ɗaya ta haura dala miliyan 220 a waɗannan watanni shida. Wannan a ƙasa ɗaya ke nan, kuma na waɗanda suka iya buɗe baki. Da yawa kunya ba ta barin su.

Wani kuma ba kuɗinka yake so ba, asusunka yake so. Sunan aikin "wakilin karɓar kuɗi" ko "mataimakin akawu": za a riƙa turo kuɗi asusunka, ka cire ladanka, ka tura sauran inda aka ce. Kuɗin nan na sata ne, daga wasu da aka damfara, kai kuma an mai da kai magudana. Ranar da bincike ya taso, sunanka ne a takardar banki, shi ogan naka ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Haka nan duk "manajan" da ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu don a tabbatar da kai, ko lambobi shidan WhatsApp ne ko na banki, ko ya ce ka sauke AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa na'urarka daga nesa, don a saita maka kwamfutar aiki, mukullin gidanka yake nema.

Mafi muni shi ne wanda ake haɗawa da tikitin jirgi. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da kimanin 100,000 a Kambodiya ana iya cewa suna tsare a sansanonin da ake tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da yawansu masu ilimi ne, masu jin harsuna, tallar aiki suka gani: kula da abokan ciniki, shigar da bayanai a kwamfuta, masauki kyauta. Suna sauka aka karɓe fasfo. Wani lokaci in na tuna matar nan mai kwat sai in ce, wa ya sani, ƙila wanda ke buga saƙon shi ma a kulle yake.

Sai 'yan tsakiya, waɗanda ba su cika kama da ɓarayi ba. Su ne masu cewa suna da "hanya a ciki", ka biya su sa sunanka a jerin waɗanda za a kira. Da masu sayar da takardar shaidar gogewa ta bogi, har da lambar wani da zai ɗaga waya ya ce e, ya yi aiki a ƙarƙashina. Wannan ko ta yi aiki ka saya wa kanka rashin barci, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu a ɗakin ganawa ta isa ta tona ka, in kuma an gano bayan ka kama aiki, kora ce da ɓacin suna. Gyaran CV sana'a ce ta halal, akwai masu yin ta tsakani da Allah. Amma mai gyara ba ya da ikon yi maka alkawarin za a kira ka, wanda duk ya yi maka shi kuwa ya sayar maka da abin da ba nasa ba.

Guraben masu farawa na gaske suna nan, kada wannan ya sa ka ɗauka duk inda aka ce ba a buƙatar gogewa ƙarya ce. Bambancin shi ne na gaske za ka same shi a shafin kamfanin kansa, za a faɗa maka aikin dalla-dalla, za ka ga fuskar mai yi maka tambaya, kuma za a so sanin abin da ka taɓa yi ko da ba a biya ka ba: aikin kammala karatu, aikin sa kai, lissafin da ka riƙe wa wani, wani abu da ka koya da kanka har ka iya nunawa. Waɗannan su za ka jera, da adadi da sakamako in akwai. Bayanan banki kuwa sai bayan an ɗauke ka a hukumance ake tambaya.

In har ka riga ka faɗa, kada ka ƙara ko sisi da sunan ceto na baya. Kira bankinka a ranar, domin sa'o'in farko su ne ake da ɗan fatan tsayar da kuɗi. Ɗauki hoton duk hirar kafin su goge, sauya kalmomin sirrinka, kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel, kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar da ke kula da laifukan intanet a ƙasarka, ka kuma sanar da kamfanin da aka ari sunansa. Mu duk mun yi waɗannan. Kuɗin rajistar dai bai dawo ba, kuma ni ba shi ya fi damuna ba, hoton katin shaidar nan da ke hannunsu ya fi tsaya mini a rai, don da irinsa ake buɗe asusu ko a ci bashi da sunan mutum.

Shekaranjiya yaron ya sake kirana. Wani ne ya turo masa saƙo, wai jami'i ne mai ƙwato wa mutane kuɗin da aka damfare su, ya san sunansa, ya san ranar da ya biya, ya san ko nawa ne. Ya ce an kama mutanen, kuɗinsa na nan a ajiye, kuɗin buɗe fayil kawai zai turo.

Na ce, "To me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce ya cira a ciki ya turo mini sauran, Kawu. Har yanzu bai amsa ba."