PowerShell 7 da tambayar "bit nawa ce kwamfutar nan?"

Aikina yawanci rubuta ƙananan sikirif ne, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta, na saka manhaja a kwamfutoci da yawa lokaci guda, kuma abin da ya fi cin rai shi ne sa sikirif ɗin ya gane wane fayil zai sauko da shi, na bit 32 ne ko na 64 ko kuma na ARM, wani nau'in furosesa daban. Kwanan nan na mayar da aikin kan PowerShell 7, shirin Microsoft na rubuta sikirif da gudanar da shi, kuma gaskiya na ji daɗinsa, duk da akwai inda ban gamsu ba.

Matsalar ita ce in ka ce "bit nawa", tambaya uku ka yi ba ɗaya ba. Akwai abin da furosesa take iya ɗauka, akwai irin Windows ɗin da aka saka mata, sannan akwai shi shirin da sikirif ɗin yake gudana a ciki. Kowanne da amsarsa. Yawancin mutane $env:PROCESSOR_ARCHITECTURE suke dubawa, to sunan nan yaudara ne, domin in wata manhaja mai bit 32 ce ta tada sikirif ɗinka a kan Windows mai 64, sai ya ce maka x86, wato bit 32, kai tsaye, alhali AMD64 ɗin, wato bit 64, yana can ɓoye cikin PROCESSOR_ARCHITEW6432, wanda shi kuma ba ya bayyana sai a irin wannan halin. Haka kawai za ka cika kwamfutoci masu ƙarfi da manhajar bit 32 ba wanda ya lura.

Abin da ya burge ni a nan shi ne RuntimeInformation na .NET, dandalin da aka gina PowerShell a kansa. Ka kira OSArchitecture ya faɗa maka na tsarin, wato Windows ɗin ko makamancinsa, ka kira ProcessArchitecture ya faɗa maka na shirin da kake ciki, amsar kuma a fili, X64 ko X86 ko Arm64, ba wani lissafi. Kuma layin nan guda ya yi min aiki a Windows da Linux da Mac ban canza ko harafi ba. Amma fa a kula da wane fitowa ake da shi. Kafin .NET 7, in shirin yana gudana ta kwaikwayo, misali Rosetta 2 da ke gudanar da shirin x64 a kan Mac mai M1, furosesar ARM, OSArchitecture ɗin X64 yake cewa. Daga PowerShell 7.3, wanda aka gina kan .NET 7, ne yake faɗin gaskiya ya ce Arm64. Shi ma umarnin uname -m, mai nuna irin na'urar, haka yake yi a ƙarƙashin Rosetta, x86_64 zai nuna maka ba kunya.

Inda ya gaza shi ne ita furosesar kanta. Babu hanya ɗaya da za ta yi maka ko'ina. A Windows sai na koma Get-CimInstance Win32_Processor, in duba Architecture, 9 na nufin x64, 0 x86, 12 kuma ARM64, lambobin da wallahi kullum sai na sake dubawa. A Linux wannan umarnin ma babu shi, sai dai lscpu ko ka leƙa /proc/cpuinfo ka nemi lm, alamar bit 64, cikin jerin alamomin. Ga kuma cikakken sunan RuntimeInformation ɗin, System.Runtime.InteropServices.RuntimeInformation, dogo kamar layin biyan albashi, ni dai na zuba shi cikin ɗan fanshin, wato guntun umarni mai gajeren suna, na huta.

Ban damu sosai da wannan gazawar ba, don in manhaja za ka saka, tsarin ne ya kamata ka tambaya. Furosesa mai 64 da aka ɗora wa Windows 10 mai 32 ba za ta buɗe fayil ɗin 64 ba ko me ka yi. Sai in kana tantance waɗanda za su iya hawa Windows 11, da yake shi ba shi da na bit 32 kwata-kwata, a nan ne kake buƙatar jin ta bakin furosesa. Ga mai haɗa Windows da Mac da Linux, ya saka 7.4 ko sama. Wanda kuma Windows zalla yake kula da shi mai x64, Is64BitOperatingSystem na tsohon PowerShell 5.1, mai faɗin ko tsarin na bit 64 ne, ma ya ishe shi.