Sharhi kan manhajar PhET ta tafiyar abin da aka harba

Na yi amfani da wannan manhaja wajen koyar da ɗaliban sakandare yadda ƙwallon besbol ke tafiya a sama bayan an buge ta da sanda, kuma na gamsu da ita ƙwarai. Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka ce ke samar da ita kyauta, ƙarƙashin shirin da Carl Wieman ya kafa a 2002, ana kuma iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba.

Igwa ce ke harba ƙwallon a manhajar, mai amfani kuma shi ke zaɓar kusurwa da saurin fita. Idan aka kashe iska aka harba da saurin mita 30 a daƙiƙa, kusurwar digiri 45 ce ke kai ƙwallon nesa, wajen mita 92, kamar yadda littafin darasi ya faɗa. Amma darajar manhajar tana bayyana ne idan aka kunna turjiyar iska, domin nan take zangon yake raguwa, ƙwallon ta riƙa saukowa a tsaye fiye da yadda ta tashi, kusurwar da ta fi nisa kuma ta sauko ƙasa da 45. Wannan ne ya sa ɗalibaina suka fahimci dalilin da ƙwallo mai nauyin giram 145, wadda aka buga da saurin kilomita 160 a awa, take tsayawa a wajen mita 120 a filin wasa, alhali lissafin da ya yi watsi da iska yana ba ta sama da mita 200. Da muka ƙara tsayin wuri daga teku, sai maganar filin wasan besbol na Coors da ke Denver, birni mai tsayi sosai daga teku a Amurka, inda iska ba ta da kauri kuma ƙwallo ke ƙara nisa, ta zama abin gani da ido.

Juyawar ƙwallo, wadda ke ɗaga ta sama idan sandar ta same ta daga ƙasa kaɗan, ba ta cikin abin da aka tsara manhajar ta nuna, don haka malami zai ƙara wannan bayani da bakinsa. Ina ba malaman kimiyya shawarar su sa ɗalibai su fara lissafa zangon a takarda kafin a harba.