Hamam na Cemberlitash a Istanbul: abin da baƙo daga Zariya zai tarar

Shekaru da dama ke nan ina zuwa Istanbul domin saro abayoyi da kayan yara da nake sayarwa a shagona da ke Sabon Garin Zariya, amma duk wannan zirga-zirga ba ta taɓa wuce tsakanin masauki da shagunan unguwar Laleli da ofishin masu aiko da kaya ba. A tafiyar da ta gabata, wadda na yi tare da uwargidana a lokacin sanyi, mun ware kwana biyu domin mu ga gari kamar yadda masu yawon buɗe ido suke ganinsa, kuma a cikin wuraren da muka shiga babu wanda ya tsaya mini a rai kamar gidan wanka na gargajiya da Turkawa suke kira hamam. Abin da ya hana ni shigarsa tsawon shekarun nan shi ne yake hana 'yan uwana 'yan kasuwa da yawa, wato tsoron kada mutum ya biya kuɗinsa ya je ya faɗa inda ba a kiyaye al'aura, don haka a kan wannan batu zan fi tsayawa.

Tsoron yana da tushe, domin mun kusa faɗawa cikin irin abin da muke gudu. Wani dillali da yake zama a ƙofar masaukinmu ya yi ta kururuta mana wani wuri da ya ce gidan wanka ne mai tarihi, ya kuma nemi mu ba shi kuɗin a hannu. Da muka je dubawa sai muka tarar ɗaki ne na zamani a ƙarƙashin wani otel, maza da mata a haɗe, babu wani tarihi a tare da shi sai a bakin dillalin. Uwargida ta dube ni ta ce, "Alhaji, mu koma, wannan ba wurin zamanmu ba ne." Muka juya ba tare da mun cire ko takalmi ba. Duk wanda zai je ya fara tambaya ko an raba sashen maza da na mata, kuma ya biya kuɗinsa a teburin gidan wankan da kansa.

Washegari muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, layin T1, daga Laleli, muka wuce tashar Beyazit da ke bakin babbar kasuwar nan mai rufi, muka sauka a tashar Cemberlitash. Unguwar ta samo sunanta ne daga wani dogon ginshiƙin dutse da aka ɗaɗɗaure da ƙarfe, wanda aka kafa tun shekarar 330 a zamanin Sarkin Rum Kustantin, kuma gidan wankan yana daura da shi a kan titin Divan Yolu. An kammala shi a 1584, kuma ana jingina gininsa ga Mimar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda ya gina masallacin Sulaimaniyya a nan Istanbul da na Salimiyya a Edirne, ya rasu a 1588. Wadda ta sa aka gina shi ita ce Nurbanu Sultan, matar Sarki Salim na Biyu kuma mahaifiyar Sarki Murad na Uku, kuma ta yi shi ne a matsayin waƙafi, domin kuɗin da masu wanka suke biya ya riƙa ɗaukar nauyin masallacinta na Atik Valide da makarantu da sauran gine-ginen da ke kewaye da shi a unguwar Uskudar, a ɗaya ƙetaren ruwan da ya raba birnin biyu. Wannan bayani ya sauya mini kallon wurin tun kafin in shiga, saboda na gane cewa asalinsa hidima ce ga tsarkin Musulmi da masallacinsu, a zamanin da gidaje da yawa ba su da wurin wanka da ruwan zafi.

Ƙofar ba ta da wani kwarjini, har mutum zai iya wuce ta a tsakanin shaguna bai lura ba, kuma sai an sauka 'yan matakala kafin a isa teburin biyan kuɗi. A nan ake zaɓar abin da ake so: ko mutum ya shiga ya yi wankansa da kansa, ko ya haɗa da cuɗa da wankan kumfa a hannun ma'aikaci, ko kuma ya ƙara da tausa da mai. Mun zaɓi na tsakiya. Daga teburin nan hanya ta rabu, uwargida ta bi sashen mata inda mata ne kaɗai suke aiki, ni kuma na shiga na maza. Aka nuna mini wani ɗan ɗaki mai ƙofa da makulli a saman bene, aka ba ni silifa da wani zane na auduga mai ratsi-ratsi da suke kira peshtamal, wanda ake ɗaurawa a ƙugu. Wannan zane shi ne amsar tambayar da na zo da ita daga gida. A sashen maza ba a kwance shi daga shiga har fita, ma'aikacin da zai cuɗa ka shi ma da nasa a ɗaure, kuma duk abin da zanen ya rufe mutum ne yake wanke abinsa da kansa. Ni na ɗaura nawa daga saman cibiya, na kuma bar gajeren wando a ciki domin in ƙara samun natsuwa, babu wanda ya ce mini uffan.

Ana bi ta wani ɗaki mai ɗan ɗumi kafin a tura ƙofar katako a shiga babban ɗakin zafi, kuma a nan ne kuɗin da na biya ya fara halatta. Ɗaki ne mai faɗi, ƙasa da bango duk dutsen marmara mai santsi, irin wanda maginanmu suke kira mabul, ginshiƙai sun kewaye shi, a sama kuma ga wata babbar ƙubba da aka huhhuda aka toshe hudojin da gilashi mai kauri, wanda Turkawa suke kira idon giwa. Hasken rana yana saukowa ta cikinsu sili-sili yana ratsa tururi. A tsakiya akwai wani ƙaton dandamalin marmara mai ɗumi da ake kira gobek tashi, ma'ana dutsen cibiya, inda ake kwanciya a jira zufa ta karyo. Da na kwanta rigingine ina kallon ƙubbar, abin da ya faɗo mini a rai shi ne tsohon masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen shekarun 1830. Shi da tubali da azara ya ɗaga bakan gizonsa, Sinan kuwa da dutse da bulo, amma duk wanda ya taɓa ɗaga kai a ƙarƙashin rufin Babban Gwani zai gane irin tunanin da ke cikin wannan ƙubba, wato yadda magini yake raba nauyi a kan ginshiƙai har sarari ya buɗe, mutum ya ji ƙirjinsa ya saki. Na kai kusan minti ashirin a kwance a nan, ba na jin komai sai ƙarar ruwa da ta tasoshin ƙarfe tana amsa kuwwa a cikin ginin.

Ɗumin dutsen daga ƙasa yake tasowa. Yadda aka tsara irin waɗannan gidaje tun asali shi ne, akwai murhu a bayan ginin da ake kira kulhan, wanda yake dafa ruwa a tukunya, zafinsa da hayaƙinsa kuma su bi ta sararin da aka bari a ƙarƙashin daɓe, su hau ta bututun da ke cikin bango su fita ta sama, dabarar da aka gada daga gidajen wankan Rumawa. Inda Turkawa suka bambanta da Rumawa shi ne ba su sa tafkin da jama'a za su tsunduma ciki tare ba, sun fi son ruwa mai gudana. A jikin bango akwai ƙananan kwatarniyoyin marmara da ake kira kurna, kowace da famfon ruwan zafi da na sanyi, mutum ya sirka yadda yake so ya riƙa ɗiba da ɗan kwanon ƙarfe yana kwarawa a jikinsa, kamar dai yadda muke yi da bokiti da moɗa a gida. Sunan kwanon a bakinsu tas, sabulu kuma sabun, kalmomi biyu da Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane su.

Mai cuɗar, wanda suke kira tellak, dattijo ne da ba ya jin wani harshe da nake ji, amma da na yi masa sallama ya amsa da fara'a, sauran maganar kuma da hannu muka yi ta. Ya zura hannunsa cikin wani soso mai kaushi mai kama da jaka, wanda ake kira kese, sabo ne da aka ba ni tun a teburin biyan kuɗi, ya fara gurzar baya da hannuwa da ƙafafu da ƙarfi amma cikin tsari. Abin da yake murmushewa yana fita daga jiki matacciyar fata ce wadda zafi da zufa suka tausasa, kuma wanda ya fito daga hunturun Zariya, inda ƙura da bushewar iska suke sa fata ta yi furu-furu, ƙafa ta yi kaushi, zai ga ta fita da yawa. Bayan ya ɗauraye ni sai ya tsoma wata jakar yadi a ruwan sabulu, ya kaɗa ta ta cika da iska, ya matse ta a kaina, kumfa ta lulluɓe ni daga wuya har ƙafa, ya bi da 'yar tausa a kafaɗu da gadon baya, sannan ya zaunar da ni a bakin kurna ya wanke mini kai ya kwarara ruwa mai ɗan sanyi. Aikin nasa duka bai wuce kimanin minti goma sha biyar ba. Wanda ya zo da tsammanin doguwar tausa ta awa guda ya sani cewa wannan wanka ne, kuma daɗinsa yana cikin zaman da mutum zai yi kafin cuɗar da bayanta, domin babu wanda ya kore ni, na koma kan dutsen na ƙara hutawa yadda na so.

Uwargida ta fito bayana da kusan rabin awa, kuma hukuncinta ya fi nawa muhimmanci ga mata masu niyyar zuwa. Ta ce aikin ya tuna mata da dilka da ake yi wa amare a gida, ɗumin kuma ya tuna mata da wankan jego, sai dai babu ganye babu turare. Ta yaba da tsabtar wurin da kuma yadda babu namiji ko ɗaya da yake leƙawa sashen. Abin da ta ce in faɗa wa 'yan uwanta mata shi ne, baƙi daga ƙasashen Turai da yawa ba su damu da rufe jiki a gaban mata 'yan uwansu ba, don haka wadda za ta je ta tafi da nata ɗan zanen ko rigar ciki da za ta iya jiƙawa, ta nuna wa mai cuɗar iyakar inda take so a taɓa. Ita ta yi haka kuma an mutunta ta.

Game da kuɗi, tsofaffin gidajen wankan da ke wannan yanki, har da na Cagaloglu da aka gina a 1741 da na Hurrem Sultan na 1556 da ke tsakanin masallacin Ayasofiya da na Sultan Ahmad, duk farashin baƙi suke karɓa, kuma idan aka juya shi zuwa naira zai yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi. Farashin yana sauyawa saboda yadda darajar lira, kuɗin Turkiyya, take hawa da sauka, don haka gara a duba na ranar kafin a fita, a kuma ajiye ɗan tukuici a hannu domin mai cuɗar, al'adar wurin ce. A ganina wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi daga Abuja, ya yi sama da awa shida a sama, bai yi asara ba idan ya ƙara wannan a kai sau ɗaya. Amma mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, su nemi shawarar likita tukuna, saboda zafin mai tururi ne, ya fi na bazararmu kama numfashi, kuma kada a shiga da cikakken ciki ko da ƙishirwa.

Da na fito aka naɗe ni da busassun tawul, na zauna a zauren farko na sha shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, na bi da ayran, wanda yake kamar nonon da aka tsinka da ruwa aka sa masa gishiri. Daga nan muka taka zuwa masallacin Nuruosmaniye da ke bakin kasuwa muka yi la'asar, sannan muka shiga kasuwar muka sayi peshtamal huɗu da kese guda shida na tsaraba. Idan Allah ya sake kai ni, da sassafe zan je kafin ayarin baƙi su iso, in biya kuɗin wanka da kaina kawai, in daɗe a kan dutsen nan a ƙarƙashin ƙubba.