Injin ganga ko mai jijjiga: wanne ya fi dacewa da hematayit?

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka ce hematayit ɗinka, wato dutsen tama mai ƙyallin ƙarfe, ɗanye ne mai kaifin baki, kuma injin goge duwatsu ɗaya za ka saya tsakanin mai ganga da ke juyawa da mai kwano da ke jijjiga, to ɗauki mai ganga. Duka biyun ina da su, amma ɗaya ne kullum yake aiki, ɗayan yana can ƙasan tebur ƙura ta rufe shi.

Mai gangar nan ƙarami ne, irin na fam 3, wato kusan kilo ɗaya da rabi, gangarsa ta roba ce irin ta taya, baƙa mai kauri. Ba ya sauri, ba ya ihu, sai dai ka ji duwatsu suna gungurawa a hankali a ciki. Ranar da na fara buɗe shi bayan zagayen farko na hematayit, ƙaramar 'yata tana tsaye kusa da ni. Ina ɗaga murfi ta yi baya tana kiran mamanta, wai Baba ya yanke hannu. Laka ce ja wur ta cika gangar, kamar an yi yanka a ciki, ta shiga ƙarƙashin farce ta ɓata gaban rigata. Na zuba su a rariya a kan bokiti, na kwarara ruwa, sai ga duwatsu baƙi-baƙi masu ruwan azurfa, duk kaifin ya tafi, sun yi sumul a hannu, ga nauyi da sanyi. Daga nan 'yar tawa ce mai wanke min su duk zagaye, kuma ba ta yarda a taɓa wanda ta zaɓa. Wannan jan ba matsala ba ce, haka dutsen yake: tama ce, ƙarfe da iskar oksijin, a dunƙule yana ƙyallin ƙarfe, garinsa kuwa ja ne.

Abin da ya sa na ce ganga shi ne siffa. Ita ganga ɗaga duwatsun take su zamo kan juna, da haka kusurwa ke cinyewa har dutse ya zagaye. Mai jijjiga ba ya wannan. Yadda ka zuba dutse haka zai fito maka da shi, da ƙusumbinsa da lungunansa, ya dai yi santsi. Gaskiya yana da sauri, abin da ganga ke yi cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi shi yakan gama cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba ya cin garin gurza da yawa, wato garin da ake zubawa tare da duwatsun don ya goge su. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Ƙararsa ba ta barin mutum ya yi barci, kullum sai ka leƙa ka fesa ruwa don kada lakar ta bushe komai ya tsaya cik, ga shi garin gurza mai kaushi yana cinye kwanon. Wanda ya riga ya mallaki ganga yana iya ƙara shi don matakan ƙarshe, masu yin haka suna samun sheƙi mai kyau. A matsayin injin farko kam, a'a.

Sai dai hematayit yana da hali biyu da za su ba ka wahala a ganga idan ba ka san su ba. Na farko nauyi. Dunƙulen hematayit mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri ya kai giram 5 da 'yan kai, na dutsen kwaz kuwa giram 2.65 ne, ka ga kusan ninki biyu. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce a cika ganga zuwa kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu. Idan ka bi wannan da hematayit zalla, ka wuce nauyin da aka yi injin dominsa, bel ya riƙa zamewa, injin ya ɗau zafi. Don haka ka sa ma'auni. Ka auna dutsen, ka cike sauran wurin da 'yan ƙwayoyin tangaran da ake sayarwa don wannan aikin. Su ne za su kai maka cikar da ake so ba tare da nauyi ya yi yawa ba, kuma suna shiga lungun dutse da garin gurza.

Na biyu, ba shi da taurin da idonka ke gaya maka. A ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin dutse da shi, yana tsakanin 5 da 6.5, duwatsun agat da jasfa da kwaz suna wajen 7. Kada ka haɗa su ganga ɗaya, musamman daga mataki na biyu zuwa sama, don masu taurin za su yi ta zane shi har ƙarshe. Kuma yana da saurin ɓantarewa. Dutse mai nauyi ya faɗo kan ɗan'uwansa mai nauyi, sai ka ga 'yan tabo ko ɓalli a gefe. Maganin shi ne kada gangar ta zama da sarari da yawa. In ta cika yadda ya kamata zamewa duwatsun suke yi, in ta yi rabi kuwa faɗowa suke. Duk zagayen da ka ga sun ragu, ƙara tangaran.

Ga yadda nake bi. Garin gurza na silikon kabayid mai lamba 60/90 da farko (ƙaramar lamba gari mai kaushi, babbar lamba gari mai laushi), babban cokali 3 zuwa 4 a gangar fam 3, ruwa ya tsaya ƙasa kaɗan da saman duwatsun. Da agat mutum yakan bar shi mako guda cur bai duba ba, amma hematayit ka buɗe bayan kwana 3 ko 4, domin yana cinyewa da wuri, kana iya rasa rabin dutsenka a banza. In gutsattsarin naka ba su da kaifi sosai, tsallake wannan ka fara da 120/220. Wanda ya yi sumul ka cire ka ajiye, mai rami ko tsaga ya koma. Daga nan 120/220 mako guda, 500 mako guda, sannan garin sheƙi na aluminiyam okisayid mako ɗaya ko fiye. Tsakanin kowane mataki ka wanke komai da tsohon buroshin haƙori, dutse da tangaran da bakin murfi, saboda ƙwaya ɗaya ta gari mai kaushi da ta ɓuya a tsaga ta isa ta ɓata maka sheƙin ganga guda. Idan ƙwayoyin filastik kake amfani da su a maimakon tangaran, kowane mataki da nasa, don gari yana nutsewa a jikinsu. A ƙarshe ka juya su 'yan awoyi da ruwa da ɗan garin sabulu marar turare, shi ke fitar da jan da ya maƙale. In ka iya, ware wa hematayit gangarsa daban, jan nan yana kama roba kuma yana shiga tsagar fararen duwatsu. Lakar kuma kada ta kusanci magudanar wanke hannu, daskarewa take ta toshe bututu. Bar ta a bokiti ta kwanta, ka tsiyaye ruwan, ta bushe ka zubar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai abin da suke kira hematayit mai maganaɗisu, har su nuna maka ƙwayoyi biyu suna manne da juna a matsayin shaida. Wannan ba dutse ba ne, haɗin masana'anta ne. Hematayit na gaske ba ya kama maganaɗisu, in ma ya yi to ɗan ja ne kaɗan saboda gaurayen maganatayit, wata tamar da ke kama maganaɗisu. Ka goga shi a bayan tayil inda ba a shafe ba: zanen ya fito ja mai duhu, ko ja-ja mai ruwan ƙasa. In ya fito baƙi, wani abu ne daban. Haka ƙwayoyin nan masu launin bakan gizo, yawancinsu shafe ne aka yi musu a sama, zagayen farko zai kankare shi tas. Sannan ko a na gasken ba kowanne ke shiga ganga ba. Mai walƙiya ɓarɓashi-ɓarɓashi marmashewa yake, mai kama da jar ƙasa kuma narkewa zai yi ya zama laka. Nemi dunƙulalle mai ruwan ƙarfe, irin wanda ake yawan kawowa daga Burazil. Wanda ke da jijiyoyin jasfa a jiki, kamar na Ostareliya, yana da kyau, amma sashen mai laushi yakan riga cinyewa ya bar kwari, sai ka yi haƙuri da shi.

Wajen injin ma akwai cuta. Ka guji ƙananan nan masu gangar filastik mai tauri da ake tallarsu da alƙawarin sheƙi cikin 'yan kwanaki. Gudunsu ya yi yawa, jifa suke da dutse, kuma hematayit ne zai fi jin jiki. Ƙunshin da suke rubuta wa garin sheƙi sau da yawa lamba 1200 ne kawai, dusu-dusu zai bar maka dutse. Tambayi mai sayarwa lambar garin, ka nemi 8000 ko sama da haka. Ganga ta zama ta roba, ka tabbatar ana samun bel da murfinta daban, ka sayi bel guda na ajiya tare da injin.