Yaya, ga labarin karnukan da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Inna, a ce mata man zaitun ɗin da ta ce yana nan tafe hannun alhazan unguwarmu. Hoton da Sadiƙ ya tura maka ne ya sa ka ce yaushe na koma kiwon kare a ƙasa mai tsarki, kuma me ya sa karnukan suka yi kama da na gidan Baba. To bari in warware maka.

Ka san gonar da nake kula da ita tana Kharj ne, kudu da Riyad, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Dabino ne da ciyawar dabbobi da 'yan awaki. Wani injiniya Bature da yake zuwa gyaran injin ban-ruwa ya gama kwangilarsa zai koma gida, ya rasa yadda zai yi da karnukansa biyu, sai ya roƙi maigidana a bar su a gona. Ban amsa ba sai da na tambayi malamin masallacinmu. Ya karanto min hadisin da ya halatta karen farauta da na kiwo da na gona, ya ce in dai a gona za su zauna, ba cikin ɗaki ba, babu laifi. Ya ƙara da maganar wanke ƙwarya sau bakwai, wadda mutanen nan suke ɗauka da zafi fiye da mu Malikawa. Saboda haka kwanonsu daban, wurin kwanansu daban, can bayan rumbun taki.

Sunan irinsu basenji. Da na fara ganinsu sai da gabana ya faɗi, don na ɗauka Ƙyallen Baba ce ta dawo: ja, fari a ƙirji da ƙafafu, kunne a tsaye, tsawo bai wuce gwiwa ba. Bambancin kawai bindin da ya nannaɗe bisa gadon baya kamar gammo, da goshi mai tattara kamar na tsoho mai tunani. Macen ma Ƙyalle muka sa mata, namijin kuma Tauri. Asalinsu dazukan Kwango ne da ƙasar Azande, har cikin Sudan ta Kudu. Mafarautan can suna rataya musu ƙararrawar itace a wuya, su koro nama zuwa cikin raga, domin karen ba ya haushi. Wallahi Yaya wata takwas ke nan ban ji haushinsu ba. Abin da suke yi wani irin kuka ne mai lanƙwasa, kamar guɗar da ba ta ƙarasa ba, kuma sai sun ga yara sun sauko daga motar makaranta. Suna lashe jikinsu kamar kyanwa, ba su da warin nan na kare, macen kuma sau ɗaya take neman namiji a shekara. Gadi dai ba nasu ba ne. Amma ɓera da gafiya sun ƙaurace wa ɗakin ajiyar dabino, ni ma na huta da sa guba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ranar da na kai su asibitin dabbobi a Riyad ne. Likitar ta ɗauko wata na'ura kamar rimot, ta shafa a tsakanin kafaɗun Tauri, sai lamba mai alƙaluma 15 ta fito. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatarsa. Ta buɗe littafinsa, ga kowace allura da ranarta, da tambarin kwalbar manne a gefe. Ta buɗe firij a gabana ta ɗauko allurar haukan kare da sanyinta. Nan take na tuna shekarar da ka aike ni birni in sayo wa karnukanka allura, mai kantin ya zaro ta daga kan kanta, cikin zafin bazara, babu wuta kwana uku. Mun biya, mun yi musu, mun ɗauka mun yi rigakafi.

Sauran kayan kuwa ba duka ne suka burge ni ba. Kantunan nan cike suke da buhunan abincin kare irin su Royal Canin da Pedigree, na ɗan kwikwiyo daban, na tsoho daban, ga riguna da sabulai da ƙashin roba. Kuɗin babban buhu ɗaya zai ciyar da gidanka kwanaki. Ni ƙanzo da naman kaza dafaffe da aka tsame ƙasusuwan da shinkafa nake haɗa musu da rabin na buhun, kuma jikinsu lafiya lau. Rigar dai na saya, don sanyin Najad, yankin nan da muke, cikin Janairu ba wasa ba ne, su kuma gashinsu gajere. Maganin kaska na ɗigawa a ƙeya shi ma ya ci kuɗinsa, ya fi cire ta da hannu da muke yi nesa ba kusa ba.

Baturen ne ya sa ni shiga ƙungiyar masu kiwon wannan iri, ta intanet, har ya biya min kuɗin shekarar farko. Na cike takarda, na sa hannu cewa ba zan haɗa su barbara ba sai an gwada lafiyarsu. Akwai ciwon ƙoda da ake kira Fankoni da yake bin jininsu, inda suga yake zuba cikin fitsari alhali na jini daidai yake. Suka turo min ɗan tsinke mai auduga, na goga cikin kumatun kowanne, na mayar ta gidan waya zuwa Amurka. A wurinsu na ji cewa sai wajen 1937 aka fara nuna karen a Ingila, kuma da jinin ya yi kusa da juna ya fara kawo cuta, sai 'yan Amurka suka koma ƙauyukan Zayar, wato Kwango ta yanzu, a 1987 da 1988 suka sayo karnukan ƙauye don su gyara irin. Karen ƙauye fa, Yaya, irin wanda yaranmu suke jifa a bakin juji. Abin ya yi min ciwo, ya kuma yi min daɗi.

Ga abin da nake roƙonka. Ku ma kuna da ƙungiya, kuna da Sarkin Baka, kun fi waɗannan sanin kare, don kai ko a duhu ka san sawun kowanne. Abin da suka fi ku littafi ne da firij. Ka sayi littafi mai bango, a rubuta karen kowa, da uwarsa, da ranar allurarsa. A Vom ta Jihar Filato ake yin allurar haukan kare, ofishin likitan dabbobi na jiha ya san hanyar samunta da sanyinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kuma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, yaɗuwarsa tana yankewa. Ni har yau ban manta da yaron maƙwabtanmu ba, yadda yake ƙishirwa yana tsoron kofin ruwa. Ka faɗa wa matan gida, duk wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya jiran rubutu.

Ka ƙirga min yawan karnukan ƙungiyarku, ka tambayo kuɗin allurar da na motar likita. In albashi ya shigo ƙarshen wata zan turo na zagayen farko, in sha Allahu, kafin ku fita farautar rani. Maman Sadiƙ tana gaishe da Yaya Hajara.