Burushi ko feshi: da wanne za a zana ƙarƙashin teku a bango?

Wata 'yar'uwa ta ce an ba ta bangon ɗakin yara ta zana ƙarƙashin teku, tana tambaya ko sai ta nemi injin feshi, ko burushi ma ya wadatar. Malama, ga yadda nake ganin su biyun.

Ki fara riƙe wannan: ruwa shanye launi yake yi. Ja ne ke fara ɓacewa tun wajen zurfin mita 5, ruwan goro ya bi shi, sai ruwan ɗorawa, shuɗi kuwa shi ke kaiwa can ƙasa. Don haka bangonki zai faro da haske mai kore-kore daga sama, ya yi ta duhu yana gangarowa, ba tare da ido ya kama inda wani launi ya tsaya wani ya ɗauka ba. Duk wahalar aikin a nan take.

A wannan fage feshi ba shi da na biyu. Ki ja hannu baya kamar santimita 25 daga bango, launi ya sauka kamar hazo, shuɗi ya narke cikin shuɗi. Hasken rana mai ratsowa daga sama da garken kifin da ke can nesa duk sun fi fitowa da shi, domin abin da ke nesa a ruwa ba ya da kaifin gefe. Amma ƙurarsa tana bin ko'ina. Sai an rufe taga da daɓe, an sa takunkumi mai tace iska, kuma in hannu ya ɗan tsaya wuri ɗaya fenti ya zubo kamar hawaye. A ɗakin da yara za su kwana, ni dai hankalina ba ya kwanciya da fentin feshi na gwangwani.

Burushi kuma haƙuri yake so. Fentin akirilik, wato wanda ake tsinkawa da ruwa, yakan fara bushewa cikin minti 15 zuwa 20, saboda haka kada ki tari bangon gaba ɗaya. Ki dama shuɗinki kashi huɗu tun kafin ki fara, daga mai haske zuwa mai duhu, ki shafa biyu kusa da juna, ki ɗan yayyafa ruwa, sannan ki bi mahaɗarsu da faffaɗan burushi busasshe kina gittawa. Ba zai kai feshi laushi ba. Sai dai yana da wata dabara da nake matuƙar so: bayan kin zana kifin nesa ya bushe, ki tsinka shuɗi sosai har ana hango abin da ke bayansa, ki shafa a kai. Nan take kifin zai ja baya ya shige ruwa. Ki ƙara shafi na biyu, ya ƙara nisa.

Abin da ke kusa kuwa, feshi ba ya ko kama ƙafar burushi: idon kunkuru, ƙayar kifi, ɗigon farin da ke sa kumfa ta yi ƙyalli. Murjani, wato halittar nan mai rassa kamar dutse da ke ƙasan teku, ki dangwala shi da soso, kuma a kan abubuwan da ke kusa-kusa kaɗai za ki sa ja da ruwan goro.

Da babban bango ne a waje, da na ce ki yi ruwan da feshi, halittun da burushi. Bango ɗaya a cikin ɗaki, burushi da rola da soso sun ishe ki. In filastar sabuwa ce, ki ba ta sati 4 ta bushe, ki shafa farin fenti na farko, sannan ki fitar da zanen da alli.